Wayar Baffa Ta Tafi Kara

Da Munawwara ta leƙa ɗakin Baffa da safiyar Laraba, caja kawai ta gani tana reto a jikin bango. Wayar ba ta nan.

Tun da korona ta sa aka rufe jami'a, karatunta ya koma cikin waya, kuma babbar waya ɗaya ce a gidan, ta mahaifinta Alhaji Idrisu, wanda take kira Baffa. Yau ne za a yi jarrabawar baka ta bidiyo. Bara ta faɗi wannan darasi, an kuma gaya mata in ta sake faɗuwa ko ba ta halarta ba, sallama ce.

Ta ruga madafa wurin ƙanwar mahaifinta.

"Goggo Hajjo, ba ki gaya masa ba?"

"Na gaya masa mana. Na ce yarinyar nan tana son waya ran Laraba. Ya ce sai ya dawo daga kara."

"Da hantsi za a yi, Goggo!"

"Yo kin ce mini hantsi? Wane irin boko ne ba ya jiran la'asar?"

Munawwara 'yar fari ce. A gidansu, kamar sauran gidajen Fulani, uba yana kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya zaman hira da shi. Duk abin da take so, ta bakin Goggo yake bi.

Goggo ta kira shi da ƙaramar wayar Munawwara mai madanni, bai ɗauka ba. Tun da aka hana tafiye-tafiye, fataken kudu suka daina zuwa, ta bidiyo yake nuna musu shanu.

Ta zura hijabi, ta sa takunkumi, ta tari keke daga unguwarsu Yerimaram zuwa kara, kasuwar shanu. Suna hanya saƙon ƙawarta Raudatu ya shigo: an fara, an kusa zuwa kanki.

Ba ta taɓa shiga kara ba. Maza ne ko'ina, ga ƙaho, ga sanduna, ga kashin shanu tana takawa da silifa. Tana tambaya, ana nuna mata gaba. Can ta hango shi ya ɗaga wayar saitin tozon wani jan bijimi, mai saye daga Ikko yana ta magana a ciki.

Ta tsaya a bayansa. 

Babaji dillali ne ya lura da ita. "Alhaji, ka yi baƙuwa. 'Yata, karsana za ki taya ko bijimi?"

Baffa ya waiga, ya yi sauri ya kau da kai. "Babaji, tambaye ta, lafiya?"

Ƙaramar wayar ta sake motsi a hannunta. Raudatu ce: an kira ki, Dakta ta ce za ta wuce.

"Baffa, ba da Babaji nake ba, da kai nake," in ji ta. "Jarrabawa ake yi yanzu. In ba ka ba ni wayar nan ba, za a kore ni."

Dillalai suka dubi juna. Baffa ya dubi bijimin, ya dubi fuskar mai saye. Sai ya katse kiran ba ko sallama, ya miƙa mata, idonsa a ƙasa.

Nan take ta shiga zauren jarrabawar. Fuskar Dakta, malamar darasin, ta fito.

"Ina kike haka? Ba na jin komai sai hayaniya. In ba zan ji ki ba, ba yadda zan yi."

Munawwara ta cire takunkumi, ta matsa jikin katanga, ta rufe wayar da hijabi. Duk a banza. Ana ciniki, ana rantsuwa, wani yana ihun a ba shi hanya. Hawaye suka zubo mata.

"Dakta, don Allah..."

"Akwai masu jira, ki yi haƙuri."

Sai ta ji an buga sanda a ƙarfen shinge da ƙarfi.

"Jama'a, ku yi shiru! Munawwara tana jarrabawa!"

Muryar Baffa ce. Na kusa suka yi tsit, Babaji ya shiga korar masu wucewa. Shanu dai ba su daina kuka ba.

Malamar ta jefo tambayar farko, amma Munawwara ba ta ji ba, sunanta ne ke ta amsawa a kunnenta. Ta share ido da bakin hijabi.

"Dakta, a maimaita mini."