Tarkacen Ɗakin Baya

"Ni ce tarkacen, ai na ji da kunnena," in ji tsohuwa. "Idona ne ya mutu, kunnena garau yake."

"Haba Inna! Wa ya ce ke? Tsofaffin kwanukan nan nake nufi, da katifar da ɓeraye suka mayar gidan haya."

Tela na tsaye a ƙofar ɗakin surukarta, zufa na bin wuyanta. Duk layin da Tela suka san ta, saboda keken ɗinkinta. Tun da safe da rediyo ya ce guguwa na tafe da ruwa mai yawa, ba ta zauna ba. Ta cika jarkoki da ruwan sha, ta yi cajin fitila, ta yashe kwata, ta ɗora keken kan tebur ta lulluɓe da leda. Sannan ta kira kafinta ya ƙara wa rufin ɗakin baya, inda tsohuwar ke kwana, ƙusa. Ya hau, ya buga ɗaya, ƙusa ta shige kamar a sabulu. Ya sauko yana kaɗe hannu.

"Gara ta gama da katakon nan, Tela. Ko akuyata ba zan bari ta fake a ciki ba."

"To a kwashe tarkacen ɗakin a kai gaba," ta ce, da muryar da take ƙwala wa yara kira daga bakin titi. Ta manta taga a buɗe take. Kafinta ya tafi ɗaure nasa rufin, ya bar ta da tsohuwa.

Ga tsohuwar nan zaune a bakin gado, carbi a hannu, sandarta jingine da bango. Gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ta, ko banɗaki sai an riƙe ta.

"Inna, falo ne fa kawai. Na yi miki shimfiɗa, na kai maganinki da butarki. Ruwa na ɗaukewa ki dawo."

"Na san irin wannan dawowar. Yau a ce ruwa, gobe a ce gyara, in farka in tarar da kekenki a nan, ɗaki ya zama shago."

Maganar shago ta taɓa fita daga bakin Tela bara, cikin wasa. Ashe an adana mata.

"To ki kulle da hannunki, ki riƙe makullin."

"Ke kika ce rufin zai tashi. Makulli a ɗakin da ba rufi, me zai tsare? Kira min ɗana. In ya ce in tashi, sai in tashi."

Tela ta kira baban yara. Direba ne, yana can kan hanya da babbar mota. Matar cikin waya ta ce ba a samun sa. Ta sake kira, ita ce dai.

"Ba ya shiga, Inna."

"To ni ma ba na fita."

Iska ta kaɗo sanyi. Ledoji suka tashi sama a tsakar gida, bokitin da ta bari a bakin famfo ya yi ta gangara har ya bugi ƙofa. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ga shi ko kiran la'asar ba a yi ba. Aka ɗauke wuta. Daga falo ta ji 'yan biyunta na kuka, suna "Mama! Mama!"

"Ku zauna nesa da taga, ku yi ta salati! Ina zuwa!"

"Je ki wajen 'ya'yanki," in ji tsohuwa. "In kwanana ya ƙare, ko a falonki ne zai ƙare."

"Gaskiya ne, Inna. Rai na Allah ne. Amma ni aka bar wa ke, ni za a tambaya. Me zan ce wa ɗanki? Me zan ce wa Ubangiji?"

Kwanon rufin ya ɗaga ta kusurwa, haske ya leƙo, ya koma ya faɗo da ƙara. Garin katako ya zubo kan mayafin tsohuwa. Ba ta kaɗe ba, amma carbin ya tsaya a hannunta.

Tana iya sunkutar ta, tsohuwar ba ta fi buhun gawayi nauyi ba. Amma in ta ɗauke ta da ƙarfi kamar kaya, ta tabbatar da maganar ke nan har abada.

Ruwa ya fara dukan kwano, manya-manyan ɗigo. Tela ta cire takalmi, ta shiga, ta gyara ɗaurin zani. Ta juya baya ta durƙusa a gaban gadon, kamar yadda take wa 'yan biyu.

"Bakina ne ba shi da birki, Inna, ki yafe min. Zagin ma ki ƙarasa shi a falo, zan zauna in ji. Amma don girman Allah, ki hau bayana."