Ɗan Gado Huɗu

Mai walda yana ta cuɗa hannu da sabulu a famfon ƙofar ɗakin jarirai, karo na uku ke nan, nas na tsaye a kansa. Baƙin da ke ƙarƙashin farcensa ya shekara ashirin a wurin, ba sabulun asibiti ne zai tashe shi yau ba. Da ta gaji, ta miƙa masa riga da hular leda, ta ce ya shiga amma kar ya taɓa komai.

To me ma zai taɓa? Ɗan nasa yana cikin kwalba, gado na huɗu daga ƙofa. Bakwaini ne, duk tsawonsa bai kai takalmin uban ba. Roba a hanci, roba a cibiya, ƙirjin na hawa da sauka kamar na ɗan tsuntsun da ya faɗo daga sheƙa. Shekara goma sha uku suna jiran haihuwa shi da matarsa, da ta tashi zuwa kuma sai ta zo a guje. Yau kwanan yaron goma sha ɗaya a duniya, ba shi da suna. Su kuwa nas-nas ba su da lokacin jiran kowa, suka laƙaba masa Gado Huɗu. Gado Huɗu ya sha madara. Gado Huɗu ya yi fitsari. Gado Huɗu jikinsa ya yi zafi.

Kuma fa ba rasa sunan aka yi ba, yawa ya yi.

Rumfar mai walda tana bakin tashar manyan motoci, inda direbobi ke sauka daga ko'ina, kowa da yarensa. Tun ranar da aka ce masa matarsa na da ciki, duk wanda ya kawo fasasshen salansa ko karyayyen sifirin na mota, kafin a kunna wuta sai ya amsa tambaya: a yarenku wane suna ake sa wa yaro don ya yi ƙarfi? Abin da aka faɗa masa sai ya rubuta a bayan wani kwali, yadda kunnensa ya ji. Wani ya ba shi mai nufin zaki. Wani dutse, wani giwa, wani guguwa, wani ƙarfe. Wani jan mutum mai gyaran injin, wanda rana ke mayar da shi kamar tumatir, ya ba shi sunan wata dabbar ƙasarsu mai gashi, wai ta fi zaki ƙarfi, sai dai rabin shekara barci take yi. Kafin cikin ya kai wata shida kwali ya cika, suna ashirin da bakwai.

Inda gizo ke saƙa, mutumin nan bai taɓa haɗa ƙarfe ya miƙa wa mai shi ba sai ya buga masa guduma ya ji. Haka ya riƙa yi wa sunayen. Na zaki, ya bi diddigi ya ji mai sunan, wani ƙaton direban tanka, an taɓa nuna masa allura ya suma. Mai sunan dutse ko fanka aka kunna sai ya kwana uku yana mura. Na giwa matarsa ce ta ƙi, ta ce ba za ta haifi ɗa a riƙa kiransa da abin da ake tsokanar masu ƙiba da shi ba. Na ƙarfe shi da kansa ya soke, ya ce duk duniya ba mai gaya masa ƙarfe, ya san yadda tsatsa ke cinye shi. Yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ta sha gaya masa ita takwas ta haifa, ba wanda ta kai sunansa gwaji, ga su nan suna ci kamar fara. Ya ce ita ba ta yi jiran shekara goma sha uku ba.

Da safen nan likita ta ja shi gefe. Likitoci ba sa kiran mutuwa da sunanta, sai su yi ta zagaye kamar mai neman wurin ajiye mota. Ta yi maganar huhu, ta yi maganar gajiya, ta ce sun yi iyakar yinsu, ta ce a yi ta addu'a. Abin da ya tsinta a ciki shi ne, yaron yana iya kai yamma, yana iya kasa kaiwa.

Matarsa na zaune a kujerar roba kusa da kwalbar, tana tatsar nono a ɗan kofi don yaron da bai taɓa kama mama ba. Ba ta ɗago ta dubi mijin ba, ta faɗa masa abin da nas ta gaya mata. Wai a ofishin rajista na asibitin ba sa rubuta wa wanda ya riga ya tafi suna. In yaro ya rasu ba a yi masa takardar haihuwa ba, takarda ɗaya ake ba iyaye, a rubuta jariri, namiji, shi ke nan.

“Shekara goma sha uku ban roƙe ka komai ba,” ta ce. “Danginka sun faɗi abin da suka faɗa, na haɗiye. Kar ka bari in koma gida a ce me kika haifa, in ce Gado Huɗu.”

Ya tambaye ta wanne take so a ciki.

“Kowanne. Ko na mai barcin nan.”

Ya fito. Yayarsa na zaune a bencin baranda da kwandon kwanuka a gabanta, ta bi shi da ido.

Ofishin rajista yana can ƙasa, bayan ɗakin magani, a ƙarshen wani dogon lungu mai warin maganin goge ƙasa. Benci huɗu, taga ɗaya, fanka ɗaya mai kuka. Mai gadi ya ba shi ɗan kati, lamba arba'in da ɗaya, ya ce ƙarfe biyu ake rufewa. A taga ana kan sha tara.

Ya zauna ya zaro kwalinsa. Kwalin ya sha gumi da ninki har ya yi laushi kamar tsumma. Na kusa da shi wani mai gidan burodi ne, mai tumbi da surutu, ya zo rajistar 'yarsa ta biyar. Ya leƙa ya tambaya ko jerin masu zuwa biki ne. Da ya ji ko mene ne, ya yi dariya har tumbin na rawa, ya ce shi a kan hanyar zuwa asibiti yake zaɓar nasa, sunan ta ukun ma a jikin wata mota ya gani. Wata baƙuwa da ke bencin gaba, jaririya a ƙirjinta, da ƙyar take haɗa magana da yaren garin, ta juyo ta ce ita sunan 'yarta yana nufin itacen da iska ba ta kayarwa. Ka ji mutum, sai ga mai walda ya ari biro ya ƙara. Ashirin da takwas.

Wajen sha biyu da rabi aka kira arba'in da ɗaya. Akawun wani dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Ya tambayi sunan uba, sunan uwa, ranar haihuwa, duk mai walda ya amsa tiryan-tiryan. Sai aka zo sunan yaro.

Ya buɗe baki. Zai ce na guguwa, sai ya tuna guguwa ba ta daɗewa. Zai ce na itace, sai ya tuna gatari. A ransa gani yake abin kamar haɗin ƙarfe ne: in ya ɗiga daidai yaron ya riƙe, in ya kuskure ya ɓalle, kuma da hannunsa. Akawu ya jira, ya ƙwanƙwasa biro a tebur, ya sake jira. A baya aka fara tsaki. Mai walda ya ce a ɗan ba shi minti biyu. Akawu ya ce minti biyu kyauta ne, amma a benci ake cinye su, ya je ya karɓi sabuwar lamba.

Sittin da takwas mai gadi ya ba shi, yana girgiza kai.

Mai burodi ya gama ya tafi, baƙuwa ta tafi. Benci ya riƙa raguwa. Ya zauna da kwali a cinya, ba ya ma karantawa, agogon bango kawai yake kallo. Ɗaya ta wuce. Ɗaya da rabi. Ana kiran sittin da biyar wayarsa ta yi ƙara.

“Auta, kana ina?” Yayarsa ce.

“Ina layi, Yaya.”

“Saura mutum nawa?”

“Biyu.”

Ta yi shiru. Yaya ba ta iya shiru ba, a nan ya gane.

“Sai haƙuri,” ta ce. “Wanda ya ba mu ya karɓi abinsa. A hannun uwarsa, sun cire masa robobin sun ba ta shi.”

Ya yi salati a hankali, leɓe kawai ke motsi. Ya miƙe, kwalin ya faɗi ƙasa. Kamar tana ganinsa ta ce ya koma ya zauna.

“Saurara ka ji. Nas ta ce sai ta cike takarda kafin ta aiko musu labari nan ƙasa. Ta ce bironta ya ƙi rubutu, za ta je neman wani, kuma asibitin nan da girma. Ka gane ko sai na yi maka da guduma?”

Ya dubi kwalin da ke ƙasa.

“Matarka ta ce kar ka hawo mata hannu rabbana.”

Ta kashe wayar.

Ya tsaya tsakanin benci da ƙofa. Ƙafa na son matakala. Shi mutum ne da bai taɓa rufe tsaga da fenti ya ce wa mai mota ta haɗu ba, ko da za a yi faɗa. Mai gadi ya tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya. Ya sunkuya ya ɗauki kwalinsa, ya kakkaɓe, ya zauna. Aka kira sittin da shida, wata mata ta ɓata lokaci tana neman katinta a jaka. Aka kira sittin da bakwai. Duk wanda ya shigo lungun da farar riga sai ya bi shi da ido, amma kowa ɗakin magani ya nufa.

Biyu saura minti goma aka kira shi.

“Angon ƙarni ya dawo,” in ji akawu, yana kallonsa ta saman tabarau. “An gama zaman majalisa?”

Mai walda ya tura kwalin ta ƙasan taga, ya ɗora baƙin farcensa a kan inda ya faɗa, ko dubawa bai yi ba. Akawu ya ɗaga kwalin wajen haske, ya gwada faɗa sau biyu, harshe ya ƙi. Ya ce shekararsa talatin a tagar nan bai taɓa rubuta irinsa ba, wane yare ne, me yake nufi?

Sai a lokacin mai walda ya karanta. Ya ɗan jima kafin ya tuna mai shi, wani siririn direba marar magana da ya kawo karyayyen aksul na motarsa cikin ruwan sama, ya tafi bai sake biyowa ba. Ba a samu zarafin bin diddiginsa ba.

“Wanda ya tsaya bai gudu ba,” ya ce.

Akawu ya gyaɗa kai, ya ce suna ne na maza. Ya kwafa harafi bayan harafi, a tsanake, yana lanƙwasa kowanne kamar mai ɗinki. Ya tambayi mai jego, aka ce da sauƙi. Ya hura wa hatimi iska, ya buga, ya sa hannu, ya turo takardar tare da kwalin.

“Ga mutuminka ya shiga littafi,” ya ce. “Allah ya raya.”

Mai walda ya karɓa da hannu biyu. Tawadar ba ta bushe ba, ya riƙe ta gefe-gefe don kar yatsunsa su ɓata.

“Amin,” ya ce.

Akawu ya leƙa bayansa ya kira sittin da tara.