Kwalabe Uku na Tafiyar Tuba

Birane ya shanye metadon ɗinsa, maganin barin shan hoda, a bakin tagar asibiti, ya buɗe baki nas Yacine ta ga ya haɗiye, amma bai matsa ba.

"Jibi Magal, babban taron ɗariƙarmu. Baba ya ce in raka shi ziyara birnin Tuba, kwana uku. Ki ba ni na tafiya."

"Ka san doka. Wani naka ya zo ya sa hannu, shi zai riƙe kwalaben."

"Haba Yacine, wata tara ban yi fashi ba!"

"Ni ma wata tara ina haƙuri da wannan fuskar taka. Sha biyu nake rufe taga."

Ya fita, ya dawo, ya sake fita. Zama ya gagara. Shekara shida tsohon bai kira sunansa ba, tun ranar da ya sayar da keken ɗinkin gidan ya sayi hoda. Jiya ya kira. In ya ƙi tafiyar nan, shi ke nan kuma. In ya tafi hannu Rabbana, kwana biyu ƙasusuwa za su fara ciwo, ya kuwa san inda ƙafarsa ke kai shi in abin ya kai haka. Ga shi a gida an ɗauka addu'a kaɗai ta warkar da shi, kullum safe wai neman aiki yake fita. Kunya ta ishe shi.

Sau uku yana danna lambar tsohon yana kashewa. A na huɗu ya bari ta shiga.

Sha biyu saura kwata tsohon ya sauko daga motar unguwar Pikine, yana jan ƙafa. Bai dubi ɗansa ba. Ya saurari bayanin Yacine tsaf, ya sa hannu da ajami, ya ɗaga kwalba ɗaya yana juya ta.

"Rago guda na kai wa malaminmu na godiya," ya ce. "Ashe ragon ɓatan hanya ya yi."

Yacine ta danne dariya. Birane ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Tsohon ya zura kwalaben a aljihun ƙirjinsa, ya dafe.

"Ƙarfe nawa zan riƙa ba ka?"

"Takwas, Baba."

"To, Birane. Kada ka yi nisa da ni."