Cokali Huɗu

"Ka ci nama da yawa jiya?" Dakta Na'ima ta tambaya, idonta na kan sakamakon gwajin jinin.

Rufus ya girgiza kai. Shi da nama? Ɗan cocin Adventist ne daga Jengre, tun tasowarsa wake da gyaɗa ya sani. Amma a tsorace yake, don wannan gwajin ne zai sa a bar shi ya ba yayarsa Jael ƙoda ɗaya, ko a hana. Ita nas ce a nan Doha, ga wankin ƙoda ya tsotse ta, duk ta rame.

"Gwajin ya nuna kamar ƙodarka ta yi rauni. In haka ne, khalas, ba zancen bayarwa. Kana shan wani magani?"

"Ko fanadol ba na sha. Sai wani farin gari, kiriyatin. Wai mu da ba ma cin nama muna da ƙarancinsa, kuma yana taimakon ƙwaƙwalwa. Jarrabawar aikin lantarki ce a gabana."

"Nawa kake sha?"

"Da cokali ɗaya ne, giram biyar. Makon nan aka ce in mai da shi huɗu."

"Giram ashirin, ana shirin gwaji? Ai shi kaɗai zai iya ɗaga lambar gwajin nan ko ƙodar lafiya lau take! Wa ya ce ka ƙara?"

"Yayata."

Likitar ta ajiye biro. "Nas ɗin?" "Ka daina sha. Akwai wani gwajin da garin bai shafa, shi za mu yi."

Kafin tasi ta sauke shi a unguwar Bin Omran, tsoron ya koma haushi. Ya tarar da Jael zaune a bakin gado tana fama da takalmi, ƙafa ta kumbura.

"Yaya, kin sani?"

Ba ta ko yi musu ba. "Na sani."

"Haba, Yaya! Da hannunki kika auna mini!"

"Matarka Gloria tana da ciki, Rufus. Yara biyu a gida. Kai kuma kullum kana kan tsani cikin zafin ƙasar nan. Da ƙoda ɗaya? In wani abu ya same ka, me zan gaya wa matarka?"

"Ni fa, me zan gaya wa Mama?"

Ta share ido da bayan hannu. "Ko gwajin ya yi kyau, ba mai yanka ka sai na sa hannu. Kuma ba zan sa ba."

Ya durƙusa, ya sassauta igiyar takalmin, ya zura mata a hankali.

"Shi ke nan. Duk ranar wankin ƙoda zan zo in zauna a gabanki, ki yi ta kallona har ki gaji." Ya rataya jakarta. "Yalla, tashi. Kada mu makara wankin yau."