Man da Baba Ya Juye

"Wa ya ce ka taɓa shi, Baba? Wa ya sa ka?"

Tsohon bakanike bai ɗago ba. Yana tsugune gaban janareta a lungun garejinsa, yana ta goge sufanar da tuni ta yi fes. Autarsa mai karatun injiniya tana tsaye a kansa tana huci, yarinyar da ko tari ba ta yi da ƙarfi a gabansa.

Wata biyar ke nan da ta roƙi aron lungun, wai ɗakin gwajin makarantarsu ya cika. Ta zuba wa janaretan man da ta gauraya da wani baƙin gari, wai nanotub, wasu 'yan bututu da ido ba ya gani, masu shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe su hana su cin juna. Injin zai yi awa dubu da man nan, sannan a kwance shi a auna yadda ya cinye. Duk ta yi masa bayani. Shi kuwa gyaɗa kai ya dinga yi, don kunnen ya fara nauyi, kuma ku kun san maza, a ce 'yar cikinka ta maimaita maka karatun inji? Ina!

Da safen nan, saura awa sittin, ya zaro sandar awon mai, ya gan ta baƙa ƙirin kamar tawada. Ya murza a yatsa, ransa ya ɓaci. Shekara arba'in da biyu yana zagin direbobi kan irin wannan. Nan take ya yi juye, ya ɗauraye cikin da kananzir, ya canza filta, ya zuba sabon mai. Har kujera ya jawo ya zauna jiran sannu da aiki.

Yanzu ga abin da ya samu. Ta ce garin da malaminta ya ba ta shi ne na ƙarshe, kuma nan da mako uku za ta tsaya gaban masu jarrabawa. Ba sakamako, ba takarda, sai baɗi in an yarda.

Ya ce ai man bai ɓata ba, a kwaso a mayar. Ya nuna mata durom ɗin da ke bayan ƙofa, inda juyen mota talatin ke kwance da tsumma da mataccen ƙadangare. Ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

A nan fa ya kamata ya yi shiru. Amma bakin tsoho, sai ya ce, "Ni dai a gabana ba za a kashe inji da sunan boko ba."

"Injin kam ya tsira, Baba."

Ta ɗauki littafin da take rubuta awoyi, ta duba shafin ƙarshe, ta ajiye masa a kan janaretan. Ya kira ta da sunan da yake kiranta tun tana goye. Ba ta waiwayo ba. Ta fita ta banko ƙofar ƙarfen, har tsatsa ta zubo masa a hula.