Yadda Yaya Hinnerk Ya Shirya wa Mama Yawo a Norway

Tun ba mu bar tashar jiragen ruwa ta Kiel ba Yaya Hinnerk ya naɗa kansa sarkin tafiya. Babu wanda ya zaɓe shi. Ya dai sayi hular matuƙan jirgi a shagon tashar, ya kafa a ka, shi ke nan. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da inshorar gidaje a garinmu Husum, wanda ko kwalekwale ya hau sai cikinsa ya juya, shi ne yanzu yake tsayawa a benen jirgi, hannu a baya, yana duban sama yana sanar da mu cewa iska za ta sauya.

Mu biyar ne. Akwai mahaifiyarmu, Mama Gesche, wadda ta cika tamanin a wannan bazarar. Akwai ni Wiebke, autarta. Sai Yaya da matarsa Frauke da 'yarsu Imke, budurwa 'yar sha biyar da ba ka ganin fuskarta sai ta bayan waya. Mama ce ta ɗauki nauyin kowa a tafiyar, amma duk wanda tsautsayi ya haɗa shi da Yaya a layin abinci sai ya ji cewa, "Ai mun kawo tsohuwa ne ta sha iska."

Ana gobe za mu tsaya a wani ɗan gari da ke can ƙuryar mashigin ruwa a Norway, Yaya ya kira taro. Lokacin gahawa da kek ne, da la'asar. Ya haɗa tebura biyu, ya ture farantin Mama gefe tun ba ta gama ci ba, ya shimfiɗa taswira.

"Jama'a," in ji shi, "yini ɗaya tak muke da shi a garin nan, kuma ba zan bari a ɓata shi ba."

Na ce, "Yaya, ai akwai motocin da jirgi ya tanada. A hau, a zaga da kai, a dawo da kai. Har da wurin sa keken da Mama ke dogarawa."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Motar tumaki? A liƙa maka lamba a ƙirji, wata yarinya ta ɗaga tuta kana bin ta a baya? Wiebke, shi ya sa har yau ba ki ga duniya ba."

Duniyar da shi ya gani kuwa ita ce otal ɗaya a tsibirin Mallorca, ɗaki ɗaya, kowace shekara, inda mai dafa abinci ma ɗan ƙasarmu ne, ɗan Hamburg.

Ya fara bayani yana jan yatsa a kan taswira. Ya riga ya kama motar haya, mai aiki da cajin lantarki, don ita ce ta zamani. Za mu hau dutse ta wata hanya mai kwana-kwana har mu kai wani falalen dutse da ke leƙen ruwa daga sama. Daga nan mu gangara inda ruwa ke zubowa daga tsauni, mu biya ta wata gona da ake cukun madarar awaki, mu tsallako da jirgin fito, mu dawo tun masu motar tumaki ba su gama layin banɗaki ba.

Frauke ta ce ita dai falalen dutsen ne dole. Maƙwabciyarsu ta je bara ta ɗauki hoto a kai, hannuwa a buɗe, kuma tun daga lokacin ba ta bar kowa ya huta ba a unguwa. Frauke har ta saya mana rigunan ruwa masu launin rawaya, iri ɗaya, mu biyar, don hoton ya fita. Amma kuma tana son a tsaya a shagon rigunan ulu. Yaya ya ce babu lokacin ulu. Ta ce to a cire awaki. Ya ce awakin su ne al'adar ƙasar. Ta ce yaushe ya fara damuwa da al'ada, shi da ya yi barci a bikin 'yar ƙanwarta har da minshari. Imke ta ɗago kai sau ɗaya ta tambaya ko akwai sabis a kan dutsen, ta mayar da kai.

Suka yi ta yi har gahawa ta huce. Da na gaji na ce, "Wai ni kam, an tambayi mai tamanin ɗin abin da take so?"

Duk suka juyo suka dubi Mama kamar yanzu ta shigo.

Mama ta ajiye cokalinta. "Ni dai da za a bar ni, in sauka a hankali, in sami wuri a bakin ruwa in sha romon kifi, in kalli mutane."

Frauke ta yi irin dariyar da ake yi wa ƙaramin yaro. "Haba Mama! Romon kifi? Ai ko a Husum akwai romon kifi."

"Ku rabu da ita," in ji Yaya. "Mama ba ta san abin da take so ba sai ta gan shi. Gobe war haka za ta riƙa gode mini."

"To keken nata fa?" na tambaya. "Zai shiga motar?"

Ba zai shiga ba. Yaya ya ce ba matsala, a bar shi a jirgi, daga inda ake ajiye mota zuwa falalen dutsen ɗan taku ne, sai mu riƙe ta ta kowane gefe. Na ce ɗan taku nawa. Ya naɗe taswirarsa ya ce an rufe taro.

Da safe muka tashi jirgi ya riga ya tsaya. Duwatsu ta ko'ina, kawunansu cikin gajimare, ana yayyafi. Ni da Mama ɗaki ɗaya muke. Yaya ya ƙwanƙwasa, su uku cikin rawaya, ya tarar da ita a kwance da bargo har wuya.

"Gwiwar nan ce, Hinnerk," in ji Mama da wata siririyar murya. "Ku je kawai. Kada in ɓata muku."

Na ga sauƙin da ya sauka a fuskar Frauke kafin ta yi sauri ta rufe shi da tausayi. "Wayyo Mama, sannu. To Wiebke, sai ki zauna da ita, tunda ke ba ki da..." Ba ta ƙarasa ba. Miji take nufi, ko 'ya'ya, ko duka biyun. Ta saba barin wannan maganar a buɗe don in cike da kaina.

Yaya ya dafa kafaɗar Mama ya yi mata alkawarin hotuna. Ta taga muka hango su suna sauka, shi a gaba da hula, su a baya, kamar 'ya'yan agwagwa. Mama ta bi su da ido har suka sha kwana. Sai ta yaye bargo. Ashe da siket ɗinta na fita ta kwanta.

"Miƙo mini jan gyalen nan, da jambaki."

"Mama, gwiwar fa?"

"Tana nan inda take tun shekara goma. Yi sauri, ana jiranmu."

A bakin gadar sauka wani dogon dattijo yana tsaye da lema babba. Okke sunansa, mutumin garin Emden, mai gyaran piyano ne da ya yi ritaya, matarsa ta rasu. A wurin rawar la'asar suka haɗu, wadda Mama ke zuwa kullum yayin da Yaya ke zaton tana barcin rana. Ya gaishe ni da ladabi, ya ɗora lemar a kan Mama, shi kuma ruwa na dukan kafaɗarsa.

Ba mu yi nisa ba. Garin ma ba shi da nisan da za a yi. Muka bi bakin ruwa a hankali, keken Mama na ƙara a kan duwatsun titi, muka shiga wani ɗan gidan abinci na katako mai warin man shanu da hayaƙi. Aka kawo romon kifi mai madara, da burodi mai zafi. Mama ta sha, ta nemi ƙari. Ta zauna tana kallon masu wucewa tana ba kowa labarin rayuwarsa: wannan ya gudo daga matarsa ne, waccan takalmin aro ta sa. Okke yana ta dariya har yana share ido. Rabon da in ji Mama tana irin wannan surutun tun Baba na da rai. Muka leƙa wani tsohon coci, Okke ya taɓa piyanon da ke ciki ya yamutsa fuska, muka dawo jirgi tun rana na tsaka.

A lokacin ne hoton farko ya shigo daga Frauke, da rubutu a ƙasa: "Muna saman duniya!" Na duba, na juya wayar, na sake dubawa. Fari fat. Gajimare ya sauko ya rufe dutsen gaba ɗaya. Abin da ake gani kawai wasu abubuwa uku ne masu rawaya, kamar an jefa ƙwai cikin madara.

Daga nan sai saƙonnin Imke.

"Goggo, mota ta ce cajinta ya kusa ƙarewa. Baba ya ce ƙarya take yi."

Can an jima: "Goggo, ba ƙarya take yi ba."

Sannan: "Muna gonar awaki. Mun sayi cuku. Jirgin fito ya tafi."

Da la'asar ta yi, aka fara kiran sunaye a lasifika: iyalan Harmsen, wato su Yaya, mutum uku, su tuntuɓi ofishin jirgi. Aka sake kira. Duk wanda ya saba hawa irin wannan jirgi ya san ma'anar kiran nan, don haka kafin ka ce me, mutane sun cika bene ta ɓangaren tasha, wasu da kofunansu, wasu da waya a ɗage, ana jiran kallo.

Wayata ta yi ƙara. Yaya ne, yana haki.

"Wiebke! Je ki gaya wa kyaftin ya jira mu!"

"Yaya, ni ina na san shi? Kai ne abokin aikinsa."

"Ba wasa nake ba! Ki ce masa akwai tsohuwa mai shekara tamanin da za a raba da iyalinta, hankalinta zai tashi!"

Na dubi tsohuwar. Tana zaune a kujerar bene, bargo a gwiwa, tana raba kek da Okke. Ta miƙo hannu na ba ta wayar.

"Hinnerk, yarinyar ta ci abinci? Da rigar sanyi a jikinta? To. Ba ni ita." Ta saurara. "Imke, 'yar albarka, kada ki ji tsoro, babu abin da zai same ku. Ki sa su kama ɗaki mai ɗumi, ke ki zaɓa, kada ki bar wa ubanki." Ta miƙo mini wayar ba tare da ta koma kan ɗanta ba.

Gaskiya jirgin ya jira su fiye da yadda suka cancanta. Amma daga ƙarshe aka janye gada, aka kwance igiyoyi, aka busa ƙaho har duwatsu suka amsa. Ruwa ya fara buɗewa tsakaninmu da tasha. A daidai nan wata tsohuwar motar gona ta shigo a guje, ta ci burki, rawaya uku suka zubo daga ciki. Jama'ar bene suka ɗauki tafi da sowa. Yaya ya ruga har bakin ruwa yana ɗaga hannuwa biyu, yana yi wa jirgi mai hawa goma sha alama da ya yi baya, kamar mai taya direba fakin. Frauke ta tsaya rungume da ƙullin cuku. Imke kuwa ta ɗaga waya tana ɗaukar ubanta.

Mama ta sa na taimaka mata ta miƙe. Ta kama ƙarfen bene da hannu ɗaya, ta kwance jan gyalenta ta kaɗa musu a hankali, har suka zama ɗigo.

Washegari jirgi bai tsaya ko'ina ba, sai da ya kai birnin Bergen suka same mu. Sun kwana a wani masauki, sun biya a janyo motar hayar daga gonar awaki, sun hau bas, sun hau jirgin ƙasa, sun sake hawa bas. Suka shigo da kayan da suka fita da su, kuma duk inda suka bi warin cuku na biye da su. Imke ko ɗakinsu ba ta shiga ba, ta kwaso jakarta ta dawo namu.

Na ɗauka ko Yaya zai yi shiru na yini ɗaya. Ina! A teburin abincin yamma, da wasu baƙi ma'aurata a gefenmu, ya gyara zama ya ce, "Ku kun ga Norway ta taga. Mu mun ga ainihinta. Mun zauna da mutanen ƙasa, mun ci abincinsu. Irin wannan ba a sayensa a ofishin jirgi."

"Baba, ka yi kuka a tashar bas," in ji Imke.

"Iska ce ta shiga idona."

Frauke kuwa hankalinta na wani wuri. Tun da suka dawo ta lura da dogon dattijon da ke ja wa Mama kujera, yana kiran ta Gesche kai tsaye, kuma ta ji a bakin Imke cewa shi da Mama suna maganar wata tafiya a kogi idan kaka ta yi. Na ga tana lissafi a zuci, na kuma san gidan Mama na Husum take gani, da lambunsa, da ɗakin sama da ta daɗe da zaɓa wa labule. Da Okke ya tashi ɗebo wa Mama kayan zaƙi, ta matso da kujerarta, ta sassauta murya.

"Mama, ba wai ina shiga abin da ba ruwana ba ne. Amma mutanen jirgi sai a hankali. Wannan bawan Allah, kin san asalinsa? Yana ma da gidan kansa kuwa?"

Mama ta goge bakinta da adiko, ta ninke shi.

"Wallahi ban tambaye shi ba, Frauke. Amma tambaye shi da kanki, ga shi nan tsaye a bayanki."