Faransancin Ɗan'azumi

Yayata Ajuma ba ta jin Faransanci ko na sayen gishiri, amma akwai wani tsohon fim na Turawa da ta fi kowa a Gaya saninsa. Mijinta Ɗan'azumi ne ya kawo mata kaset ɗin daga Kotonu, zamanin da yake jan kamiyo, babbar motar albasa. In ya sauka daga tafiya, sai a kore mu da yara bayan la'asar, ya zauna kan kujerar roba yana fassara mata magana bayan magana.

Ya rasu, kaset ya lalace, aka zuba mata fim ɗin a waya. Ba ta daina kallo ba. Wata rana ta ce mini, ba wasa a fuskarta, da Baturen ya buɗe baki muryar maigidan take ji, daga gefen hagu, inda kujerar take. Na yi mata dariya a lokacin. Amma tun da na ga yadda take karkata kai tana amsawa da "to", na daina shiga ɗakin in fim ɗin na tafiya. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya rage mata na mutumin ke nan. Ɗan'azumi a rayuwarsa ba mai magana ba ne. In ya ce miya ta yi, to ranar salla ce.

Sai autarta Latifa ta zo hutu daga jami'a a Yamai. Yarinyar kirki ce, sai dai in ta san abu ba ya kwana a cikinta. Ta leƙa wayar ta ce ai daga wani littafi aka ɗauko fim ɗin, sun karanta shi a lakwal, wato makarantar boko, har kuka ta yi. Ta zauna a tabarma, ni ma na samu ƙarfin zama tunda mun zama uku.

Aka zo wurin da Ajuma ta fi so. Baturen na tsaye a tashar jirgin ƙasa, hula a hannu, matar da yake so na kallonsa. Ajuma ta riga shi, a hankali: "Duk garin da na kwana babu ke, ban kwana ba, kwanciya kawai na yi."

Latifa ta juyo. "Inna, wa ya ce haka?"

"Shi mana. Wanga mai hula."

"Ai ba haka ya ce ba. Cewa ya yi kar ta jira shi, wata zai aura."

Na tsunkule ta a cinya, amma maganar ta riga ta fita. Ajuma ta ce ubansu ya fi ta Faransanci tun ba a haife ta ba. Ni kuwa na san iyakar Faransancin Ɗan'azumi: gaisuwa da 'yan duwan masu binciken kaya a bakin gadar Malanbil, kan hanyarsa ta dawowa gida, da miƙa takardun mota.

Ajuma ta mai da fim ɗin baya, zuwa inda suke cikin lambu. "To nan fa, mi ya ce? Ba cewa ya yi in ya hango kogi daga Malanbil… daga nesa, zuciyarsa riga shi isa gida take ba?"

Latifa ta sunkuyar da kai. "Maganar gadon kawunsa yake, Inna."

Haka suka bi fim ɗin wuri-wuri, uwa na faɗin nata, 'ya na girgiza kai. Ko ɗaya bai dace ba. Can Latifa ta gane abin da ni ma na gane. Kunya ta kama ta, ta tashi ta fita.

Ajuma ta ajiye wayar. "Ashe ni yake faɗa ma," in ji ta. "Shekara da shekaru. Ni kuwa sai in ce masa, kai, wanga Bature ya iya baki. Shi kuma ya ce, i, ya iya."

Tausayinta ya cika ni. Ta sake kunna wurin tashar, ta karkata kai hagu kamar kullum. Baturen ya cire hula, ya yi ta yarensa. Na ga tana jira, tana ƙara matsawa wajen kujerar. Jirgi ya tashi, rubutu ya hau.

"Bai yi magana ba," ta ce.

Ta sake mai da shi. Ta sake. A na ƙarshe ba ta dubi wayar ba sam, kujerar ta fuskanta, ta gyara ɗankwalinta.

"Na ji, maigida," ta ce. "Ni ma haka."

Muka zauna muna saurare, ni da ita, har aka kira magariba.